Zuru, Rumbun Soja: Wa Ya Yi Lissafin Nan?

Masu bin rubuce-rubucena sai ku yi haƙuri da ni yau, don babu soyayya babu kishi, kuma babu Hajiyar da za ta hana ɗanta auren 'yar talaka. Labari ne dai zan ba ku, sai dai wannan ya faru da gaske.

Duk mai karanta littattafanmu ya san yadda muke zana soja. Kullum Kyaftin ne, dogo, fari, ɗan masu kuɗi, miskili, ba ya dariya sai ya haɗu da yarinyar da za ta karya masa zuciya. Ni kaina sau uku ina yin irin wannan tauraron. Ana nan wata rana wata mai karatu ta kira ni, bayan mun gaisa ta ce, "Anti, ke dai sojanki kullum ɗan Nasarawa ne ko ɗan Katsina. Don Allah kin taɓa leƙa bariki kin tambayi 'yan ina ne a ciki?" Na ce mata ban taɓa ba. Ta yi dariya ta ce ita 'yar Zuru ce, kakanta soja, babanta soja, yayyenta biyu soja, amma ba ta taɓa ganin ɗan garinsu a littafi ba ko da a matsayin direban Kyaftin.

Zumunci ya ƙullu tsakaninmu, har ta kai ta gayyace ni bikin ƙanwarta. Na bi ta Kontagora da Rijau, lokacin hanyar ba ta zama abin tsoro kamar yadda ta zama daga baya ba. Abin da ya fara ɗaure mini kai a garin shi ne hotuna. Duk falon da muka shiga gaisuwa, gidan Musulmi ne ko na Kirista, sai ka ga hoton namiji cikin kaki a rataye, wani baƙi da fari har ya fara cin tsatsa a gefe, wani kuma sabo fil. Sai na tambayi kaina, ta yaya gari ɗaya a kudancin jihar Kebbi, can cikin duwatsu, ya zama rumbun da Najeriya take ɗiban soja? Haka kawai ta faru, ko wani ne ya zauna ya lissafa?

Manyan kamfanoni a yau suna da sashen kula da ma'aikata, kuma cikin aikinsa akwai tanadin gobe. Za a zauna a ce, nan da shekara biyar ko goma mutum nawa za mu buƙata, wane irin aiki ya kamata su iya, daga ina za mu samo su, wa zai gaji manyan da ke sama idan sun tafi, sannan waɗanda ƙarfinsu ya ƙare yaya za a yi da su. Ni da na tsaya a sakandare ban karanta wannan a aji ba. A tarihin Zuru na gan shi, har da wuraren da lissafin ya goce.

Mutanen da muke kira Dakarkari, su Lelna suke kiran kansu, harshensu kuma C'lela. Masarautar ta haɗa ƙasashen Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, kuma akwai wasu ƙabilun a ciki ban da su. Akwai labarin da ake bayarwa cewa sunan Dakarkari daga "dakaru" ya fito, wai su ne sojan ƙasa na Kanta, Sarkin Kabi, wanda ya yi zamani a ƙarni na 16. Ko ma dai yaya sunan ya samu, abin da ba a musu a kai shi ne a ƙarni na 19 sun sha hare-haren Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim daga Kontagora, masu neman bayi. Duwatsu suka zama garkuwarsu, kwari da baka kuma suka zama abin da yaro yake tashi da shi.

Amma ni abin da ya fi ja mini hankali shi ne golmo. Baban ƙawar tawa, tsohon samanja ne da ya yi yaƙin basasa, shi ya warware mini shi muna zaune a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ana ta hidimar biki. A al'adarsu ta dā, saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa surukinsa noma har damina bakwai. Ba shi kaɗai yake zuwa ba, ƙungiya ce ta sa'o'i, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan, da shugabansu da dokokinsu da horon wanda ya yi lalaci. Kafin nan yaro ya yi kokawa ya nuna ƙashinsa ya yi ƙwari. Idan wa'adi ya cika, a bikin Uhola na bayan girbi ake nuna waɗanda suka gama. Ku duba da kyau, jama'a. Duk mai 'ya mace ya san hannu nawa zai samu a gonarsa shekara bakwai masu zuwa. Gari ya san samari nawa ke shiga bana, nawa ke fita. Wannan ai tanadin ma'aikata ne tsaf, ba takarda ba alƙalami.

Na ce, "Baba, to ina haɗin golmo da soja?"

Ya ce, "'Yata, wanda ya yi shekara bakwai yana sunkuye a gonar wani, ba ya musu, ba ya cewa na gaji, me Dafo za ta nuna masa? Mu hutu muka je yi Zariya."

Ya ƙara da cewa a zamaninsu akwai waɗanda gudun golmon ne ma ya kai su soja, ya faɗa yana dariya har da tari.

Turawa sun gano wannan da wuri. A 1897 gwamnatin Ingila ta ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar da za ta riƙe mata Afirka ta Yamma, wadda da ita aka ci Kontagora a 1901, aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Daga Indiya suka zo da wani ra'ayi, wai Allah ya halicci wasu ƙabilu don yaƙi, wasu kuma don aikin alƙalami, saboda haka ba sai an wahala ana gwada mutum ɗaya ɗaya ba, a nemo ƙabilar kawai a yi ta ɗiba. Da farko Hausawa da Yarabawa ne suka cika rundunar. To amma Bature mai lissafi ne. Ƙasar da yake mulka yawancinta ta sarakunan Musulmi ce, ga abin da ya faru a Satiru a 1906 inda aka kashe Turawa, ga kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya da Daular Usmaniyya ta shiga ɓangaren Jamus. Sai ya ga bai kamata bindigarsa duk ta kasance a hannun mutanen da za su iya jin kiran sarki ko na malami ba. Ya juya wajen mutanen duwatsu da na bakin kogi, irin su Dakarkari da Angas da Bacama, daga baya kuma Tibi. Abin dariyar shi ne, da Hausa ake ba su umarni a bariki, har hafsan Bature ma sai ya koyi Hausa, don haka duniya ta yi ta kiransu sojan Hausa alhali da yawansu a bariki suka iya harshen.

Yadda ɗiban yake tafiya ba wuya. Ga haraji da dole a biya da kuɗi, ga ƙasa da ba ta da gyaɗa da auduga irin na Kano da za a sayar a samu kuɗin. Saurayi ya tafi Zariya, inda aka kafa wurin horon kurata tun 1924. Bayan shekaru ya dawo da akwatin ƙarfe da keke da lambobi a ƙirji, a ba shi aikin ɗan doka ko masinjan Di'o. Yaran unguwa suna kallo. Shi ke nan, ba sai an sake yin shela ba, rijiya ta riga ta kawo ruwa da kanta.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, buƙata ta ninka. Sojan Najeriya sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, sannan aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tura su Bama yaƙi da Japan daga 1943 zuwa 1945. Sunayen barikokinmu har yau suna ɗauke da wannan tarihi, Kalapanzin a Kaduna, Cindit a Zariya, Arakan da Dodan a Legas. Mahaifin tsohon nan da nake hira da shi yana cikin waɗanda suka je. Ya ce abin da ya dawo da shi bargo ne da tabo a cinya, da kuma wata al'ada ta tashin yara da asuba a jera su kamar fareti.

Nan ne fa lissafin Bature ya tsaya. Ya tanadi ƙafafun da za su yi maci da kafaɗun da za su ɗauki kaya, amma tambayar wa zai ba da umarni idan ya tafi, wannan bai ɗauke ta da gaske ba sai da rana ta kusa faɗuwa. A ganina ma ba mantuwa ba ce. Kurtun da bai yi boko ba shi ya fi so, domin ba ya karanta jarida balle ya ji abin da su Zik ke faɗa. Makarantun gwamnati sun yi ƙaranci a irin waɗannan yankuna, 'yan mishan da suka iso ƙasar Zuru a shekarun 1920 su suka ɗauki wani kaso na nauyin. Iyakar Badakkare a wancan zamani ya zama saje ko samanja, ya tsufa yana sara wa yaron Baturen da bai kai ɗansa ba.

Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba 'yan Najeriya muƙamin hafsa, irin su Wellington Bassey da Aguiyi-Ironsi da Samuel Ademulegun a 1949. Zakariya Maimalari ya fito daga Sandhurst a 1953. A 1954 aka buɗe makarantar yaran soja a Zariya. Duk da haka ranar da aka sauke tutar Ingila a 1960, hafsoshi 'yan ƙasa ba su wuce 60 ba, Turawa sun haura 200, 'yan Arewa kuwa a cikin 'yan ƙasar ko goma ba su kai ba. Ku hango hoton: ƙasan rundunar 'yan Arewa ne, tsakiyarta inda akawu da makanikai suke 'yan Kudu sun fi yawa, samanta kuma baƙi ne masu haɗa kayan tafiya.

Muhammadu Ribaɗu, Ministan Tsaro, shi ya gaji wannan ƙulli. Tun 1958 an sa ƙa'idar rabon gurabe wajen ɗaukar kurata, rabi na Arewa, kwata na Gabas, kwata na Yamma. A 1961 aka shimfiɗa ƙa'idar har kan masu neman zama hafsa. Sardauna da ministocinsa suka riƙa bin makarantun sakandare suna lallashin yara su shiga soja, a lokacin da ɗan boko yake ganin kaki aikin wanda ya rasa abin yi ne. A ƙasar Zuru kam ba a buƙatar lallashi. Uban da ya ƙare a saje ba abin da yake so irin ya ga tauraro a kafaɗar ɗansa, ƙofa ce kawai aka daɗe da rufewa. Muhammadu Sani Sami ya shiga a 1962, tare da su Ibrahim Babangida, wasu suka biyo baya.

Ta fuskar adadi shirin ya yi nasara, don a 1965 babban kwamanda Bature na ƙarshe ya miƙa wa Ironsi. Sai dai an yi aikin shekara ashirin cikin biyar. Yara sa'o'in juna suka cika matakalar a lokaci guda, na farko suka haye da gudu saboda guraben da Turawa suka bari, na bayansu suka iske hanya ta toshe, ga wanda ke gabanka bai girme ka da shekara uku ba balle ka sa ran zai yi ritaya. Ga kuma gunaguni, wannan yana cewa rabon gurabe ya sa an fifita wanda bai kai shi takarda ba, wancan yana cewa dā can ma ku kuka cinye. Ban ce wannan ne kaɗai ya jawo abin da ya faru a Janairu da Yuli na 1966 ba, siyasa tana da nata kason mai yawa. Amma ƙasar da ta wayi gari da shugaba ɗan shekara 31, wato Yakubu Gowon, ai ba sai an faɗa maka matakalarta ta samu matsala ba.

Yaƙin basasa kuwa ya yaga takardar lissafin gaba ɗaya. Rundunar da take wajen mutum 10,000 a 1966 ta kai kimanin 250,000 lokacin da yaƙin ya ƙare a Janairun 1970. Baba ya ce horon 'yan makonni ake yi wa mutum a ɗora shi a jirgin ƙasa. Ya ce akwai ƙauyukan da a damina ɗaya 'yan golmo suka ragu har tsofaffi suka koma riƙon garma da kansu. Da aka gama, sai ga tambayar da ba wanda ya tanadi amsarta: ina za a kai wannan taron? Babu barikin da zai ɗauke su, da yawa haya suke a cikin gari da bindigoginsu. Albashinsu yana cinye kaso mai tsoka na kasafin ƙasa. A sallame su, ana tsoron abin da zai biyo baya. A gina musu bariki, to a nan aka yi abin kunyar nan na siminti, inda Ma'aikatar Tsaro ita kaɗai ta yi odar tan miliyan 16, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas wata da watanni ana biyan kuɗin jira. Gwamnatin Murtala ta ɗaura niyyar rage sojan, kuma zancen ragin yana cikin ƙorafin waɗanda suka kashe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976. A hankali dai aka yi ta ragewa har ƙarshen shekarun 1970.

Waɗanda aka sallama ina suka tafi? Mu 'yan Kano mun san amsar ba mu sani ba. Lokacin da nake yarinya, masu gadin kamfanonin Bompai da Sharaɗa da gidajen masu kuɗi da yawansu tsofaffin soja ne, da tsohuwar rigar sanyi da tocila da kulki. Muna wucewa muna tsokanarsu da "lafrai, lafrai", ban taɓa tambayar ko 'yan ina ba ne. Baba kansa ya yi shekara goma sha yana gadi a Kaduna kafin ya koma gida. An koya masa harbi da biyayya, ba a koya masa sana'ar da zai ci abinci da ita bayan ya tuɓe kaki ba.

A sama kuwa, irin da aka shuka a 1961 ya yi yabanya. Sani Sami ya zama Manjo Janar, ya yi gwamnan Bauchi daga 1984 zuwa 1985, ya dawo gida ya hau gadon sarautar Zuru a tsakiyar shekarun 1990, yana kai har rasuwarsa a Agustan 2025. Tanko Ayuba ya yi ministan sadarwa, ya yi gwamnan Kaduna daga 1990 zuwa 1992, daga baya ya zama sanata. Musa Bamaiyi ya riƙe hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi zamanin Abacha, ƙanensa Ishaya Bamaiyi kuma ya zama Babban Hafsan Sojan Ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Jikokin masu ɗaukar kaya a dajin Bama sun riƙe rundunar kacokan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mutanen garin suna da haƙƙin yin alfahari da shi. Amma janar nawa ne, kuma kofur nawa ne? Ni dai gidajen kofur na fi shiga.

Yanzu ta intanet ake cike takardar shiga soja, sai da shaidar gama sakandare, kuma jiha jiha ake raba gurabe. Ɗan Zuru da ɗan Argungu da ɗan Yawuri kaso ɗaya suke rabawa, na jihar Kebbi, wadda aka yanke daga Sakkwato a 1991. Har abin ya juya, a 'yan shekarun nan rundunar tana kukan cewa samarin Kudu maso Gabas ba sa cike nasu guraben, su da suka fi kowa yawan hafsoshi a 1960. Golmo ya ja baya, kuɗi da boko sun ci ƙarfinsa. A 2020 gwamnatin tarayya ta mai da kwalejin aikin gona ta garin jami'a, wanda a ganina shi ne karo na farko da aka yi wa samarin yankin wani babban tanadi da ba na bindiga ba.

Sai dai noman ma sai da kwanciyar hankali. A Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba suka kashe fiye da 60. Kwana kaɗan bayan nan suka far wa sojoji a Kanya, cikin Danko-Wasagu, lokacin da mataimakin gwamna Sama'ila Yombe Dabai, shi ma tsohon kanar ɗan ƙasar, yake rangadi a wurin, sojoji da dama suka rasu. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga da asuba, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Gwamna Nasir Idris ya fito fili yana tambayar wanda ya ba da umarnin janye sojojin da aka girke a wurin jim kaɗan kafin harin. Allah ya sa yaran sun dawo bayan kwana takwas.

A makon ne na kira ƙawata in yi mata jaje. Baba ya riga ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Na tambaye ta yayyenta, ta ce ɗaya yana Borno shekara huɗu ke nan, ɗaya yana Fatakwal yana gadin bututun mai. Dangin mamansu sun baro ƙauye sun tare a gidansu na cikin Zuru, mutum goma sha tara a ɗaki uku, dawar da suka shuka tana can ba mai zuwa yankewa. Na ce to autanku fa, wanda na bari yana firamare? Ta ce, "Anti, ai ya cike takarda. Jiya ma ya je aka auna tsawonsa."